Ma'anar "firistayil" a kokawa: ƙafa aka 'yanta, ba doka aka soke ba

Kalmar nan firistayil ta cika mana kunne. Samari mawaƙa da ita suke kiran baitin da aka rera nan take ba tare da an rubuta ba. Da masu shirin wasanni a rediyo suka ci karo da ita a labarin kokawa, sai suka ɗauko waccan ma'anar suka liƙa mata. Shi ya sa za ka ji mai gabatarwa yana cewa wance ta yi nasara a "kokawar da babu doka", wani ma ya ƙara gishiri ya ce irin ta talabijin ce, ta ƙattin Amurka masu maka wa juna kujera. Wannan na ƙarshen ya fi ba ni haushi. Abin da WWE, kamfanin Amurka mai shirya irin wannan kokawar ta talabijin, ke nunawa wasan kwaikwayo ne, tun kafin a hau dandali an san wanda zai ci. Haɗa su da mutumin da ya shekara goma yana rage abinci don ya shiga ajin nauyinsa cin fuska ne.

A gasar Olamfik kokawar maza iri biyu ce. Akwai Greko-Roman, wadda ba a yarda ka kama abokin karawa ƙasa da ƙugu ba, ba kuma taɗiya. Sai firistayil, inda aka sakar maka mara ka cafki ƙafarsa, ko ka yi masa taɗiya da taka. Iyakar 'yancin ke nan: ƙafa. Tushenta wata kokawa ce ta yankin Lankashaya a Ingila, wadda sunanta ke nufin kama duk inda ka samu, kuma tun 1904 ta shiga Olamfik. Mata sun shigo a 2004 a Atina, da dokokin firistayil suke yi.

Dokokin kuwa ba kaɗan ba ne. Babu naushi, babu hauri, babu shaƙewa, babu murɗe gaɓa. Zagaye biyu ake yi, minti 3 kowanne, da hutun daƙiƙa 30 a tsakani. Ka kai mutum ƙasa ka hau bayansa, maki 2. Ka ɗauke shi daga tsaye ka nufi ƙasa da gadon bayansa, maki 4. Ka tura shi ya taka wajen da'ira, maki 1. Wanda ya ba da tazarar maki 10 an tashi wasa. Ko noƙewa ka cika yi, alƙali zai ba ka daƙiƙa 30 ka ci maki, in ka kasa a ba abokin karawarka. Wace irin kokawa ce marar doka da har ragwanci ake hukuntawa?

Inda Bahaushe ya fi rikicewa ba nan ba ne. Mu a wurinmu kaye shi ne ƙarshen zance. A gasar takobin ƙasa ta Nijar, da zarar Issaka Issaka na Dosso ya kai mutum ƙasa, makaɗa sun ɗauka, 'yan kallo sun ɓarke, an gama. A firistayil kuwa faɗuwa maki ce kawai, kokawar na ci gaba a kwance: na sama yana neman ya ɗaure cikin na ƙasa ko ya harɗe ƙafafunsa ya mirgina shi, kowane juyi maki 2. Kayen da ke kashe wasa nan take shi ne a danne kafaɗun mutum duka biyu a kan tabarma har alƙali ya tabbatar. Don haka mai fassara da ya ce "ta kayar da ita sau uku" ya bar mai sauraro a Maraɗi ko Sakkwato cikin ruɗani, don a saninsa ba a kayar da mutum sau uku a karo ɗaya.

Wanda ya ratsa duka biyun, kokawar gargajiya da firistayil, shi ne Daniel Igali. An haife shi a 1974 a ƙauyen Eniwari da ke jihar Bayelsa ta yanzu, cikin Ijaw, mutanen da kokawar gargajiya take a jininsu kamar yadda take a namu. Daga can ya koma ta tabarma. A 1994 ya je gasar Commonwealth a birnin Biktoriya na Kanada da tawagar Najeriya, aka gama ya ƙi dawowa, lokacin mulkin Abacha ne. Ya yi karatu a jami'ar Simon Fraser, ya samu takardar zama ɗan ƙasa a 1998. Shekara guda bayan haka ya zama zakaran duniya a Ankara a ajin kilo 69, sannan a Sidni a 2000 ya doke Arsen Gitinov na Rasha ya ɗauki zinare, na farko da Kanada ta taɓa samu a kokawar Olamfik. Ya shimfiɗa tutar Kanada a tabarma, ya zagaya ta, ya durƙusa ya sumbace ta. Akwai masu jin zafin wannan hoton har yau. Ni ban ga laifinsa ba, ƙarfin da ya tafi da shi daga gida ne, amma horon da ya mayar da ƙarfin zinare a can ya same shi.

Ya dawo kuwa, ya shugabanci hukumar kokawa ta Najeriya, kuma a zamaninsa ne Blessing Oborududu, ita ma 'yar Bayelsa, ta ci azurfa a ajin kilo 68 a gasar Tokyo da aka yi a 2021, lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta samu a kokawa. Tamyra Mensah-Stock ta Amurka ce ta doke ta a wasan ƙarshe da maki 4 da 1, kuma ba a danne kafaɗar kowa ba har minti shidan suka cika. Mai ba da labarin da ya ce "an kayar da Blessing" bai faɗi abin da ya faru ba. An fi ta maki ne.