Kulle Kwafin Ajiyar Kwamfuta da Kula da Makullinsa

Kulle kwafin ajiya shi ne a juya bayanan da aka kwafa daga kwamfuta ko waya, ta hanyar lissafi, su koma tarkacen alamomi marasa ma'ana, yadda babu mai iya karanta su sai wanda ke riƙe da makullinsu. Kwafin ajiya kuwa, wanda masu gyaran kwamfuta ke kira bakof, shi ne kwafi na biyu na fayiloli da ake ajiyewa a filash, ko faifan ajiya na waje, ko ma'ajiyar intanet irin su Google Drive da iCloud, don a samu abin komawa in na'ura ta lalace, ko an sace ta, ko an goge wani abu bisa kuskure.

Dalilin kulle shi a fili yake. Kwamfuta tana da kalmar sirrin shiga, amma kwafin da aka cira daga cikinta yakan fita tsirara. Filashin da ya faɗi daga aljihu a cikin keke-napep tsakanin Samaru da Kwangila a Zariya, duk wanda ya tsince shi zai iya soka shi a wata kwamfuta ya ga komai: makin ɗalibai, sunayen marasa lafiya, takardun fili, hotunan iyali. In an kulle shi, wanda ya tsinta ya samu filash ne kawai. Sai dai kullewa ba ta kawar da haɗari gaba ɗaya, tana ɗauke shi ne daga kan bayanan ta ɗora a kan makulli. Wanda ya ɓatar da makulli ya rasa bayanansa kamar wanda gobara ta cinye wa su. Shi ya sa masana ke ɗaukar kula da makulli a matsayin ɓangaren da ya fi wuya a wannan fanni.

Asali

Rubutun sirri ya girmi kwamfuta da ƙarnoni. A ƙarni na 9, malamin nan na Bagadaza, Al-Kindi, ya bayyana yadda ake warware rubutun da aka musanya haruffansa, ta hanyar ƙirga harafin da ya fi yawan fitowa. A 1883 Auguste Kerckhoffs ya kafa ƙa'idar da har yau ake bi: tsarin kullewa ya zama mai tsaro ko da abokin gaba ya san yadda yake aiki, muddin bai san makulli ba. A kan wannan ne ake wallafa tsare-tsaren zamani a bainar jama'a kowa ya gwada ƙarfinsa a kansu. Manhajar da ke cewa tana da nata tsarin na sirri da ba wanda ya taɓa bincika, abin gudu ce.

A 1977 gwamnatin Amurka ta ɗauki tsarin kullewa na DES, mai makulli na bit 56 (bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta a kwamfuta, sifili ko ɗaya). Da kwamfutoci suka ƙara ƙarfi, wannan tsawo ya kasa: a 1998 EFF, ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet ta Amurka, ta ƙera wata na'ura da ta gano makullin DES cikin awa 56. A 2001 NIST, hukumar ma'aunai ta Amurka, ta maye gurbinsa da AES, wanda wasu 'yan Beljiyam biyu, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka tsara. Makullinsa yana zuwa da tsawon bit 128, 192 ko 256. Yawan makullan da za su iya fitowa daga bit 128 adadi ne mai lambobi 39, don haka gwada su ɗaya bayan ɗaya ba aiki ne da zai ƙare ba. Kusan duk manhajar kulle ajiya a yau da AES take aiki.

Iri biyu na makulli

A tsari na farko, makulli ɗaya ne ke kullewa kuma shi ke buɗewa, kamar kwaɗon shago. AES na cikin wannan iri. Yana da sauri, shi ya sa ake ba shi manyan fayiloli.

Tsari na biyu ya fito ne daga aikin Whitfield Diffie da Martin Hellman a 1976, da na Rivest, Shamir da Adleman a 1977, wanda ake kira RSA da haruffan farko na sunayensu. A nan makullai biyu ne: na bayyane, wanda ke kullewa kawai, da na ɓoye, wanda shi kaɗai ke buɗewa. Amfaninsa ga ajiya babba ne. Kwamfutar ofis za ta iya kulle kwafi kowane dare da makullin bayyane, alhali makullin ɓoye yana can gidan mai ofishin. Ɓarawon da ya ɗauke kwamfutar ba zai samu abin buɗe kwafin a cikinta ba. Manhajar PGP, wadda Phil Zimmermann ya fitar a 1991, da GnuPG ta kyauta da ta biyo bayanta, su suka kai wannan dabara hannun mutane.

Daga kalmar sirri zuwa makulli

Mutum ba ya iya haddace bit 256, don haka manhajoji kan yi dabara mai hawa biyu. Manhajar tana ƙirƙirar makulli na gaske da kanta, ta kulle fayiloli da shi, sannan ta kulle shi kansa makullin da wani da ta samo daga kalmar sirrin mai ita. Hanyoyin samo shi, irin su PBKDF2 da Argon2, wadda ta lashe gasar masana a 2015, an yi su ne da gangan su zama masu jinkiri, don mai gwada kalmomi miliyoyi ya gaji a hanya. Saboda wannan hawa biyu ne canja kalmar sirri ke ƙarewa nan take: ba a sake kulle fayilolin, makullin ciki kawai ake sake naɗewa.

A nan rauni yake shigowa. Ƙarfin AES bai tsinana komai in kalmar sirrin sunan ɗan fari ce haɗe da shekarar haihuwarsa, ko lambar wayar da ke rubuce a allon shago. Mai fasa kwafi ba lissafin yake kai wa hari ba, kalmomin da mutane suka saba zaɓa yake gwadawa, kuma tunda kwafin yana hannunsa ba wanda zai tsayar da shi bayan kuskure uku. Jerin kalmomi biyar ko shida da ba su da alaƙa da juna ya fi gajeriyar kalma mai cike da alamomi ƙarfi, ya kuma fi sauƙin riƙewa. Sanannen karin magana bai dace ba, ko aya, domin abin da kowa ya haddace ba sirri ba ne.

Kayan aiki

Akwai masu kulle faifai gaba ɗaya. BitLocker ya zo da Windows Vista, FileVault na kwamfutocin Apple ne (ya fito a 2003, ya fara kulle faifai gaba ɗaya a 2011), LUKS kuma na Linux. VeraCrypt, wadda ta fito a 2013 daga tushen tsohuwar manhajar TrueCrypt, tana aiki a kan dukkan ukun, don haka ta dace da faifan da ke yawo tsakanin kwamfutoci. Akwai masu kulle fayil ɗai-ɗai, kamar 7-Zip da ke amfani da AES mai bit 256. Tsohon tsarin kalmar sirri na fayilolin zip kuwa ya daɗe da karyewa. Sai manhajojin da aka yi don ajiya musamman, irin su Restic, BorgBackup da Duplicati, waɗanda ke kulle bayanai a kwamfutar mai su kafin su hau intanet.

Wannan batu na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Manyan ma'ajiyun intanet suna kulle abin da aka ba su, amma a tsarinsu na yau da kullum makullin yana hannun kamfanin. Hakan na da sauƙi, domin wanda ya manta kalmar sirri zai iya dawo da asusunsa, amma yana nufin wanda ya ƙwace asusun, ko hukumar da ta zo da umarnin kotu, za su iya kaiwa ga bayanan. A 2021 WhatsApp ta ba masu amfani da ita damar kulle kwafin hirarrakinsu da kalmar sirri ko makulli mai lambobi 64, a ƙarshen 2022 kuma Apple ta kawo irin wannan zaɓi ga iCloud. A duka biyun sharaɗin ɗaya ne: in mai asusu ya rasa duk hanyoyinsa na buɗewa, kamfanin ba shi da yadda zai yi.

Inda ake ajiye makulli

Ƙa'ida ta farko ita ce kada makulli ya kwana wuri ɗaya da abin da yake buɗewa. Kuskuren yana da fuska biyu. Wani zai rubuta kalmar sirri a 'yar takarda ya manna ta da salatif a bayan faifan, wato ya rataye makulli a jikin kwaɗo. Wani kuma zai adana makullin a cikin kwamfutar da yake yi wa kwafi, ranar da ta mutu ta tafi da shi, ya zauna da faifai cike da aikinsa ba hanyar shiga. An gudu ba a tsira ba.

Misalin da masu gyara suka saba gani ya shafi BitLocker. Yawancin kwamfutocin zamani suna da wani ɗan guntu mai suna TPM a jikin babban allon da ke cikinsu (motherboard), wanda ke riƙe makulli ya miƙa shi a ɓoye duk lokacin da aka kunna. Mai kwamfuta zai yi shekaru bai san faifansa a kulle yake ba, domin Windows kan kunna kullewar da kanta a na'urori da yawa idan an shiga da asusun Microsoft. Ɗalibin da ke rubuta kundin digirinsa a Jami'ar Ahmadu Bello, wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona masa allon cikin kwamfuta, ya kai wa mai gyara a Sabon Gari. An canja allo, an kunna, sai shuɗin shafi ya fito yana neman lambobi 48, rukuni takwas, shida-shida. Waɗannan lambobi, wato makullin ceto, galibi suna cikin asusun Microsoft da aka fara shiga da shi. In kwamfutar ta hannu ce, ko wani ne ya saita masa ita da imel ɗin da ba wanda ya ƙara tunawa, mai gyara ba shi da dabara sai goge faifan. Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana: ranar 19 ga Yuli, 2024, wani sabunta manhaja na kamfanin CrowdStrike ya tsayar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, kuma gyaran na'urar da ke kulle ya buƙaci makullin cetonta, wanda a wasu wurare yana cikin kwamfutocin da su ma suka tsaya.

Takarda, duk da tsufanta, tana cikin mafi amincin wuraren ajiye makullin ceto, domin ba a yi mata kutse ta intanet. Abokan gabarta a ƙasar Zazzau sanannu ne: gara, laimar damina, yoyon rufi, da mai shara da bai san darajarta ba. Akan rubuta ta da biro ko a buga ta, a sa a leda, a haɗa da takardun gida da na makaranta, a kuma ajiye kwafi na biyu a wani gida daban. Rasiɗin da injin POS ke fitarwa bai dace ba, rubutunsa kan goge da zafi. A rubuta a jiki wace na'ura ce makullin ke buɗewa, a bambanta sifili da harafin O. Masu LUKS suna da ƙarin aiki, domin makullan suna zaune ne a wani ɗan yanki a farkon faifan. In wurin ya lalace komai ya tafi ko da kalmar sirri daidai ce, don haka shi ma ana yi masa kwafi.

Makulli a hannun jama'a

A makaranta, asibiti ko ƙungiya, barin makulli a kan mutum ɗaya ganganci ne. Ma'aikaci kan sauya aiki, kan yi rashin lafiya, rai kuma na Allah ne. A 1979 Adi Shamir ya fito da hanyar raba sirri gida-gida, yadda za a ba mutum biyar kaso ɗai-ɗai, kowane uku daga cikinsu in sun haɗu su dawo da makullin, biyu kuwa ba za su iya gano komai ba. Ya yi kama da asusun ƙungiya a banki da ba a cire kuɗi sai da sa hannun shugaba da ma'aji. Ko ba a kai ga wannan ba, ambulan da aka liƙe a hannun amintattu biyu ya fi babu. Haka batun gado: ɗan kasuwar da lissafin bashinsa ke cikin kwamfuta a kulle, in bai bar wa magada hanyar shiga a wasiyyarsa ba, haƙƙin mutane na iya salwanta.

Idan wanda ya san makulli ya bar aiki, ana canja shi. Amma kwafin da aka riga aka yi da tsohon makulli yana nan a kansa, sai an sake kulle shi ko an lalata shi. Akwai kuma amfani ta ɗaya gefen: lalata makulli da gangan daidai yake da goge bayanan, kuma da shi ake tsabtace faifai kafin a sayar.

A Najeriya doka ta shigo cikin lamarin. Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, ta ɗora wa masu riƙe bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma wajabta sanar da hukumar cikin awa 72 idan an samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan.

Abin da kullewa ba ta yi

Kullewa tana hana karantawa, ba ta hana lalacewa. Ƙurar hunturu, zafi da ɗauke wuta a tsakiyar kwafi suna kashe faifai ko a kulle yake. Manhajar garkuwa da bayanai, irin WannaCry da ta bazu a ƙasashe kusan 150 a Mayun 2017 har ta tsayar da asibitoci a Ingila, tana iya ɗora nata kwaɗon a kan fayil ɗin da aka riga aka kulle, in faifan yana jone da kwamfuta. Shi ya sa ake bin ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri daban, zai fi kyau kuma a cire faifan daga jikin kwamfuta bayan an gama.

Hanyar tabbatar da cewa kwafi da makulli suna aiki ita ce gwaji. Akan ɗauki faifan zuwa wata kwamfuta da ba ta taɓa ganinsa ba, a ɗauko takardar daga inda aka ajiye ta, a shigar da abin da ke rubuce harafi bayan harafi ba daga ka ba, a buɗe fayil biyu ko uku a duba. Ana maimaita wannan lokaci-lokaci, da kuma duk sanda aka canja kalmar sirri ko na'ura.