Fitilar sola a lungunan Zango: dokar da ta ba da izini da asusun da ke biya

Duk mai bin lungunan Zangon Kumasi bayan sallar isha'i ya san irin sandunan nan masu faranti a ka. Sun yi haske na 'yan watanni, yanzu sai dai a manna musu fostar 'yan takara. In ka tambaya, sai a ce maka aikin gwamnati ne. Dokoki biyu ne suka haɗu a kan sandar nan, kuma sau da yawa akan nemi abu wurin wadda ba ta da shi.

Ta farko ita ce Dokar Makamashi Mai Sabuntuwa, mai lamba 832, wadda Majalisar Dokokin Ghana ta zartar a 2011, aka yi mata gyara a 2020 da doka mai lamba 1045. Aikinta tsara kasuwa. Ta ɗora wa Hukumar Makamashi ba da lasisi ga masu sana'ar wutar rana, iska da makamantansu, hukumar PURC, mai kula da farashin wuta da ruwa, kuma ta riƙe batun farashi. Da farko an tsara cewa za a riƙa sayen wutar manyan gonakin sola a kan tsayayyen farashi, amma gyaran 2020 ya mayar da abin gasa tsakanin kamfanoni. Burin ƙasa shi ne kashi 10 cikin 100 na wuta ya fito daga irin waɗannan hanyoyi. An so a cim ma haka a 2020, aka ɗaga zuwa 2030.

Abin da ya taɓa mai gida a ciki shi ne mita mai ƙirga shiga da fita. Ka sa faranti a rufi, rarar wutar da ba ka sha ba da rana ta koma layin ECG, kamfanin rarraba wutar lantarki, a rage maka daga bil. Ragi ake yi, ba a miƙa maka sidi a hannu. Dole mai haɗa wayoyin ya zama mai takardar shaida daga Hukumar Makamashi, kamar yadda dokar haɗa wayoyin lantarki ta 2011 ta tanada. Ga kuma inda ake yawan cizon yatsa: inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar faranti irin wadda ake amfani da ita a gida, in an haɗa ta da layi kawai, ba batir, tana kashe kanta da zarar an ɗauke wuta, don kada ta tura wuta ta kama ma'aikacin da ke kan falwaya. Wanda ya saye ta don gudun dumso, wato yawan ɗauke wuta, zai zauna cikin zafi rana na dukan farantinsa. Sai an haɗa da batir da inbata mai aiki da layi da batir duka. A gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da mita ɗaya kuwa, a fara rubuta yarjejeniyar wanda zai ci moriyar ragin kafin a hau rufi.

To amma wannan doka ba ta wajabta wa kowa kafa fitila a lungunku ba. Doka ta biyu ita ce ta kuɗi: kuɗin da ya fi kusa da ku yana cikin asusun haɗaka na gundumomi, wanda kowa ke kira Komon Fan. Sashe na 252 na Kundin Tsarin Mulkin 1992 ya ce a ware abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba, a riƙa biya duk bayan wata uku. Kowace shekara mai kula da asusun yakan kai wa Majalisa tsarin rabo, sai ta amince a raba wa majalisun gundumomi 261. A 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba a da ikon rage asusun ƙasa da kashi biyar ɗin, kuma ba a kan haraji kaɗai za a yi lissafin ba.

Wannan a takarda ke nan. A aikace kuɗin kan makara, wani lokaci da watanni masu yawa, kuma an daɗe ana kukan cewa akan cire wani kaso tun daga Akra don ayyukan da ba gunduma ce ta zaɓa ba. Makarar nan tana da hannu a mutuwar fitilu. Ɗan kwangilar da ya san zai jira kuɗinsa, a batir yake fanshewa, domin shi ne mafi tsada kuma a rufe yake cikin akwati, babu mai gani ranar buɗe aiki.

Majalisar gunduma ba ta kashe kuɗin sai a kan abin da ke cikin tsarin ci gabanta na shekara huɗu da kasafin shekara. Aboabo, Asawase da Sawaba suna ƙarƙashin majalisar Asokore Mampong, wadda aka kafa a 2012, don haka takardar da aka kai KMA, majalisar birnin Kumasi, daga waɗannan unguwanni ta ɓata hanya. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta ce majalisa ta zauna aƙalla sau uku a shekara, kuma wakilin unguwa ya gana da mutanensa kafin kowane zama. Haƙƙinku ne, ba alfarma ba. A rubuta buƙata da sunan lungu da adadin sanduna, Sarkin Zango, liman, shugabar mata da kwamitin unguwa su sa hannu, a kai kwafi ofishin tsare-tsare, a karɓo hatimi. Shekarar kuɗi daga Janairu take farawa, kasafin kuma a watannin ƙarshen shekara ake kammala shi. Wanda ya kai kukansa a Fabrairu, sai dai ya jira baɗi.

Kalmar "fitilar sola" kaɗai ba ta isa a takardar ba, a nemi a rubuta awo. Fitila mai wat 40 da za ta kwana tana ci awa 12 tana shan wat-awa 480. Don ta jure dare biyu in hadari ya rufe, ana son batirin litiyam mai kusan wat-awa 1,000, wato amfiya-awa 80 a kan bolt 12.8. Kumasi ba Tamale ba ce, a Yuli da Agusta rana kan yi rowa, saboda haka a yi lissafi da awa huɗu na rana mai ƙarfi. In aka cire asarar zafi da ta wayoyi, ana buƙatar faranti mai kusan wat 160. Ƙaramar fitilar nan da ake rubuta wa wat 300 a kwali alhali farantinta bai fi faifai ba, lissafin ya riga ya ƙaryata ta. Kafin ƙarfe biyun dare ta dushe. Batirin gubar dalma yana da araha, amma zafi da zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare sukan kashe shi cikin shekara ɗaya zuwa biyu. A ɗaga akwatin batir can saman sanda saboda ɓarayi da ambaliya, masu zama kusa da rafin Aboabo sun san dalili. Kada a kafa sanda a inuwar bene ko mangwaro. Ƙurar hunturu ma tana rage ƙarfin faranti, ana son mai goge shi lokaci-lokaci.

Sai maganar gyara, wadda aka fi mantawa. A tabbatar kwangilar ta ƙunshi garanti a rubuce, kuma kasafin ya ware kuɗin sauya batir da na'urar caji. In aka ce muku ba a san nawa aka karɓa ko nawa aka kashe ba, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2019, mai lamba 989, ta ba kowa damar nema a rubuce, kuma jami'in da ke kula da bayanai yana da kwana 14 ya yanke shawara a kan buƙatar. Ku nemi abu uku: adadin Komon Fan da ya shigo a kowane wata uku, kwafin kwangilar fitilun, da takardar awon kayan da aka amince a saka. Da takardar awon a hannu, sai ku samu mai gyaran wuta na unguwa da tsani, a gaban wakilinku, ya buɗe akwati ɗaya ya karanta abin da ke jikin batirin.