Ziyarar Ɗalibai Zuwa Yukatan: Tambayoyi da Amsoshi Kan Igiyar Henekin da Mutanen Maya

Ina ne Yukatan, kuma me ke kai ɗalibai can?

Yanki ne a kudu maso gabashin Meksiko, babban birnin jihar kuwa Merida, wanda Sifaniyawa suka kafa a 1542 a kan kufan wani gari mai suna T'ho na mutanen Maya, 'yan asalin yankin. Yawanci malamai kan raba tafiyar gida biyu: kwanakin ganin masana'antu da kwanakin ganin tarihin Maya. A ganina wannan rabon na takarda ne kawai, domin da zarar an shiga gonar henekin, ɗalibi zai ga cewa labarin ɗaya ne.

Mene ne henekin ɗin?

Tsiro ne mai dogayen ganye masu kauri da ƙaya a baki, kamar kan abarba amma ya fi shi girma nesa ba kusa ba. A cikin ganyen akwai zare mai ƙarfi da Mayawa suka daɗe suna tufka igiya da shi. A ƙarshen ƙarni na 19, injinan girbin alkama a Amurka suka buƙaci igiyar ɗaure dammuna, sai kasuwa ta buɗe. Aka riƙa kiransa koren zinariya. Ta tashar ruwa ta Sisal aka fara fitar da shi, shi ya sa har yau ake kiran irin wannan zare sisal a duniya.

A Sotuta de Peon, tsohuwar gona da ke kudu da Merida, har yanzu ana nuna wa baƙi aikin. A sare ganye, a ɗaure shi dami-dami, alfadari ya ja shi a kan siririn layin dogo zuwa injin kankare ganye. Ganye ya shiga kore shar, ya fito farin zare jiƙe, a shanya shi a rana, sannan a matse shi cikin manyan ƙunsuna.

To wa ya ci ribar?

Manyan gidajen da ke jere a titin Paseo de Montejo na Merida su ne amsar. Iyalai ƙalilan ne suka kwashe dukiyar. Masu saran ganyen kuwa galibinsu Mayawa ne da bashi ya ɗaure su a gonakin: a yawancin wurare ana biyan su da kwabban gona waɗanda ba sa karɓuwa sai a kantin mai gonar. Da hannu ya yi ƙaranci, an kawo 'yan ƙabilar Yaki da aka koro daga arewacin ƙasar, a 1905 kuma aka sauke ma'aikata kusan 1,000 daga Koriya. Janar Salvador Alvarado ne ya rushe wannan tsari bayan ya karɓi mulkin jihar a 1915. Daga baya igiyar roba ta zo ta karya kasuwar. Wanda ya san yadda dalar gyaɗa ta ɓace a Kano ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Me ake gani a Chichen Itza?

A wannan tsohon birnin Mayawa, dalar Kukulkan ce ke fara ɗaukar ido. Kowane ɓangare cikin huɗu yana da matakala 91, idan aka haɗa da dandalin sama sai su zama 365, adadin kwanakin shekara. A watan Maris da Satumba, lokacin da dare da rana suke daidaita, inuwa kan sauko gefen matakalar kamar maciji. An hana hawa yanzu, sai kallo daga ƙasa. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1988.

Lissafin Mayawa a kan ashirin-ashirin yake: ɗigo ɗaya ne, sanda biyar, alamar ƙwanso kuma sifili. Littattafansu huɗu kacal suka rage, saboda ƙone-ƙone irin wanda limamin coci Diego de Landa ya yi a garin Mani a 1562.

Ashe ba cewa aka yi Mayawa sun ɓace ba?

Manyan biranensu ne aka watse aka bari, mutanen suna nan. Fiye da mutum 700,000 ke magana da Mayancin Yukatan, ban da miliyoyin da ke magana da wasu harsunan Maya a ƙasar Guwatemala. Wataƙila direban motar ɗaliban ma da shi yake waya da mahaifiyarsa. A ƙauyuka ana dafa masara da ruwan farar ƙasa kafin a niƙa, dabarar da ke ƙara mata amfani a jiki, ana kuma kiwon wata ƙudan zuma marar harbi a cikin kututturan itace.

A ina ake samun ruwa, tunda an ce babu kogi?

Arewacin yankin dutsen farar ƙasa ne mai ramuka, ruwan sama yakan zarce ƙasa. Inda rufin kogo ya rufta sai a sami rijiya ta halitta, senote. Sunan Chichen Itza ma yana nufin bakin rijiyar mutanen Itza.

Ɗalibi Musulmi fa, yaya zai yi da abinci?

Ya riƙa tambaya. Abincin da yankin ya fi alfahari da shi, kochinita pibil, naman alade ne, kuma man alade kan shiga wake ba tare da an faɗa ba. Kifi yana nan a wadace a Progreso, garin bakin teku da ke arewa da Merida, inda gadar tashar jiragen ruwa ta miƙe cikin teku fiye da kilomita 6 saboda ruwan gaɓar ba shi da zurfi.