Ina so in shiga aikin kwamfuta, daga ina zan fara?

Sai na yi digiri kafin a ɗauke ni aiki?

Ba a ko'ina ba. Ma'aikatun gwamnati da bankuna sukan nemi digiri ko HND. Amma ofishin da firintarsa ta ƙi aiki, ko intanet ɗinsa ta ɗauke ana tsakiyar aiki, mai iya gyarawa yake nema. Idan kana jami'a ka ci gaba da karatunka, ka haɗa da koyon aikin hannu.

Wace takardar shaida zan fara nema?

Ya danganta da inda ka dosa. Mai son gyaran kwamfuta da taimaka wa ma'aikatan ofis ya dubi CompTIA A+, wadda sai ka ci jarrabawa biyu ake ba ka. Mai son haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna, CCNA ta kamfanin Cisco ce ta fi suna. Jarrabawa ɗaya ce mai lamba 200-301, kuɗinta dala 300, kuma bayan shekara uku sai an sabunta ta. Akwai kuma kwas ɗin Google IT Support da aka fara a 2018 a Coursera, wani shafin koyon karatu ta intanet, inda marar hali kan iya neman tallafi. Ni dai shawarata, ka zaɓi ɗaya ka gama ta. Na ga matasa sun buɗe kwas biyar a wata guda, ba su kai ko ɗaya ƙarshe ba.

Dala 300 ta fi ƙarfina. In haƙura ke nan?

Ko kusa. Jarrabawar ce ke da tsada, koyon kuwa akasarinsa kyauta ne. Cisco Networking Academy, wadda ke nan tun 1997, tana ba da manhajar Packet Tracer kyauta. A cikinta za ka jera kwamfutoci da na'urorin rarraba intanet na kwaikwayo, ka ba kowace adireshinta, wato lambar da sauran na'urori ke gane ta da ita, ka lalata tsarin da gangan, sannan ka zauna neman inda cutar take. A Najeriya akwai shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da matasa.

Sannan ka nemi tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo. Kwance bayanta, zare RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ka mayar, saka mata Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, daga filashi. Sayi wayar intanet mita biyu da kawunanta, ka koyi jera siraran wayoyi takwas ɗin nan bisa launinsu har sai ta kama. Kai na farko da na biyu za su lalace, kowa ta nan ya bi. Idan akwai mai gyara a unguwarku, roƙe shi ka riƙa zama a shagonsa ko da ba biya.

Wani ya ce zai sayar mini da tambayoyin jarrabawar. In saya?

Don Allah kada ka saya. Cisco da CompTIA duka suna soke takardar wanda suka kama da wannan. Ko ba a kama ka ba, ranar ganawar ɗaukar aiki za a tambaye ka: kwamfuta ɗaya a ofis ba ta shiga intanet, sauran suna shiga, me za ka fara dubawa? Wanda ya haddace amsoshi nan yake yin tsuru-tsuru. Wanda ya sha fama da Packet Tracer zai ce waya tukuna, sai adireshi.