Mene ne clay court, kuma me ya sa gasar Monte Carlo take da daraja a kansa?

Duk shekara idan watan Afrilu ya kama, mai bin wasan tenis zai ga filin da ake nunowa a talabijin ya canza launi, daga shuɗi ya koma ja kamar an baza garin jar kanwa, safar 'yan wasa da takalmansu duk sun rine, sai ka ji masu sharhi suna ta maimaita clay, clay court, clay season. Wani ƙanena da muke kallo tare ya taɓa tambayata wai shin da gaske a kan laka mutanen nan suke wasa, in ruwa ya sauka ba sa cakalewa ne? Tambayar tana da kyau, don ni ma da farko haka na ɗauka.

A Turanci clay yana nufin yumɓu, irin wanda ake ginin tukunya da tulu da shi, shi ya sa wasu ke fassara clay court da filin yumɓu. To amma fa sunan ne kawai, abin da kake gani ja ɗin nan a saman fili ba yumɓu ba ne, garin jan bulo ne, wato ƙonannen bulo da aka niƙa ya yi laushi. Faransawa su sun fi kusa da gaskiya, suna ce masa terre battue, ma'ana ƙasar da aka daddaɓe, kuma duk wanda ya taɓa ganin mata suna daɓen ɗaki, a zuba tsakuwa a yayyafa ruwa a yi ta bugu da madaɓi har wurin ya kwanta, to ya riga ya fahimci rabin zancen. Ni dai jar ƙasa nake ce masa, ya fi sauƙi a baki.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne jan garin nan bai fi kaurin milimita 2 ba a filayen Roland Garros na Paris, inda ake buga babbar gasar tenis ta Faransa mai wannan suna. Ƙarƙashinsa akwai niƙaƙƙen farin dutse mai kaurin wajen santimita 6 zuwa 7 da aka danne ya yi tauri, ƙarƙashin wannan kuma ragowar ƙonannen kwal, sai tsakuwa mai yawa a can ƙasa wadda ruwa ke bi ya tsiyaye. Wannan ne amsar tambayar ƙanen nawa, in yayyafi ne kawai filin shanye shi yake yi a ci gaba da wasa, alhali a filin ciyawa ko na siminti ɗigo kaɗan ya isa a tsayar. Filin ma da kansa ruwa yake so. Tsakanin zango da zango, wato sassan da ake raba wasa da su, za ka ga ma'aikata sun shigo da gudu, wani yana jan wata shimfiɗa mai kama da raga a bayansa yana share sawun ƙafa, wani yana bin fararen layuka da tsintsiya, wani kuma ya riƙe tiyo yana fesa ruwa, don in ya bushe iska kwashe garin take yi ta watsa wa mutane a ido.

Asalin abin, kamar yadda aka fi ba da labari, daga kudancin Faransa ne. Wasu 'yan Ingila tagwaye, William da Ernest Renshaw, zakarun Wimbledon ne, babbar gasar Ingila da ake bugawa a kan ciyawa, suna zuwa garin Cannes lokacin sanyi a wajajen 1880, rana ta riƙa ƙone musu ciyawar fili, sai aka samo fasassun tukwane daga Vallauris, garin magina da ke kusa, aka niƙa aka barbaɗa a kai. Ka ga ashe sunan yumɓun ma ba a banza ya zo ba, gasasshen yumɓu ne aka mayar gari. Daga baya da tukwane suka kasa isa aka koma bulo.

To me milimita 2 na gari zai canza? Wallahi komai. Ƙwallo in ta faɗi sai garin ya ɗan riƙe ta, gudunta ya ragu, ta kuma yi tsalle sama fiye da yadda take yi a ciyawa. Saboda haka mutumin da ya dogara da ƙarfin bugun farko, wanda a Wimbledon zai buga ɗaya ko a taɓa ba a yi ba ya ci maki, a nan sai ya ga an dawo masa da ita, ya sake bugawa a sake dawowa da ita, har sau ashirin ko fiye a kan maki ɗaya tak. Wasa ne na haƙuri da numfashi da dabara, kana jan abokin karawarka gefe zuwa gefe har sai ya bar maka kafa. Ga kuma zamewa, ɗan wasa ba ya gudu har ya kai ga ƙwallo, yana sakin ƙafa ne ya zame a kan garin ya buga yana cikin zamewar, wanda bai tashi da wannan tun yana yaro ba da wuya ya iya shi da kyau. Shi ya sa za ka ga suna yawan buga raket a tafin takalmi kafin su karɓi ƙwallo, garin ne yake cushewa a zanen takalmin suke kakkaɓewa. Pete Sampras na Amurka ya ci manyan kofuna 14 amma ko sau ɗaya bai ci Roland Garros ba, ba don bai iya tenis ba, filin ne bai karɓe shi ba.

In kana so ka ga tarihin jar ƙasa a wuri ɗaya, ni a ganina gasar Monte Carlo za ka duba, wadda ake buɗe manyan gasannin jar ƙasa na Turai da ita kafin Madrid da Rome da Roland Garros. Tsohuwar gasa ce sosai, tun 1897 ake yin ta, lokacin da masu kuɗin Ingila ke gudun sanyin ƙasarsu su zo gaɓar Bahar Rum su sha iska. Shekaru goman farko 'yan gida ɗaya ne suka raba ta tsakaninsu, Reginald Doherty ya ci sau 6, ƙanensa Laurence sau 4. Bayan su sai Anthony Wilding ɗan New Zealand ya ci sau 5, na ƙarshe a 1914, shekara ɗaya bayan nan aka kashe shi a fagen daga a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, duk da Monte Carlo unguwa ce a ƙasar Monako, gasar ba a cikin Monako ake buga ta ba. Monako gaba ɗayanta kusan murabba'in kilomita 2 ce, ina za a samu wurin shimfiɗa filaye, don haka kulob ɗin da aka buɗe a 1928, Monte Carlo Country Club, yana tsallaken iyaka ne a garin Roquebrune-Cap-Martin na Faransa. An sassaƙa filayen hawa-hawa a jikin dutse, babban filin mai sunan Yarima Rainier III yana ɗaukar mutum wajen dubu 10, kuma in kyamara ta ɗaga sai ka ga jan fili a ƙasa ga shuɗin teku a bayansa, ni dai ban san filin tenis da ya kai shi kyau ba.

Da aka buɗe wa ƙwararru masu wasa don kuɗi ƙofa, daga 1969, sai sunayen da suka ci ta suka zama kamar rajistar gwanayen jar ƙasa. Ilie Nastase na Romaniya sau 3 a jere daga 1971 zuwa 1973, Bjorn Borg na Suwidin sau 3, Thomas Muster na Ostiriya sau 3. A 1981 ma ba a samu zakara ba, Jimmy Connors da Guillermo Vilas suna 5-5 a wasan ƙarshe ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, irin wanda ko jar ƙasa ba ta iya shanyewa, aka tashi ba a ƙarasa ba. A nan ne kuma Borg ya yi ƙoƙarin dawowa a 1991 bayan ya daɗe da barin wasa, ya shigo da raket ɗinsa na katako alhali duniya ta wuce wurin, Jordi Arrese ya cire shi a wasan farko.

Amma wasan da ya fi nuna ma'anar jar ƙasa a wurina shi ne na ƙarshe a 1995. Boris Becker na Jamus, mai Wimbledon uku, ya ci zango biyu na farko a kan Muster, ya zo har saura maki ɗaya ya ɗauki kofi, sau biyu yana samun wannan damar tana kuɓuce masa. Muster ya yi ta dawo da ƙwallo yana dawo da ita har ya juya wasan, zangon ƙarshe 6-0 ya ci. Becker har ya yi ritaya bai ci kofin wasan ɗaiɗai na gasar ƙwararru ko ɗaya a jar ƙasa ba. Abin akwai ban tausayi, mutum ya kai bakin gaɓa haka.

Sai Rafael Nadal. Yana ɗan shekara 16 ya fara zuwa a 2003, ya doke Albert Costa wanda a lokacin shi ke riƙe da kofin Roland Garros, tun daga nan masu ido suka san akwai magana. A 2005 yana da shekara 18 ya doke Guillermo Coria na Ajantina ya ɗauki kofin, daga nan kuma bai sake shi ba sai bayan shekara 8 a jere, 2005 har 2012, wasa 46 ba a doke shi ba a wannan fili kafin Novak Djokovic ya tsayar da shi a wasan ƙarshe na 2013. Ya dawo ya ƙara uku, 2016 da 2017 da 2018, jimla 11 kenan. Sirrinsa shi ne yadda yake murɗa ƙwallo da hannun hagu, in ta faɗi a garin bulon nan sai ta yi tsalle har kafaɗar abokin karawa, kuma bugun ƙwallo daga saman kafaɗa da bayan hannu sau ɗari a rana ba ƙaramin azaba ba ne. Roger Federer ya ɗanɗana, sau uku a jere, 2006 da 2007 da 2008, yana kaiwa wasan ƙarshe Nadal yana tare shi, da ya sake kaiwa a 2014 kuma ɗan ƙasarsu Stan Wawrinka ya karɓe, haka ya bar tenis bai taɓa cin Monte Carlo ba.

Gasar ma ta taɓa tsallake rijiya da baya. Tana cikin gasanni 9 da ake kira Masters 1000, wato wanda ya ci yana samun maki 1000 a jadawalin duniya, daga manyan gasanni huɗu, irin su Wimbledon da Roland Garros, da gasar ƙarshen shekara sai su. A 2007 ATP, hukumar da ke kula da gasannin tenis na maza ƙwararru, ta so rage mata matsayi ita da ta Hamburg, masu gasar suka garzaya kotu, manyan 'yan wasa irin su Federer da Nadal suka fito suka nuna ba su yarda ba. Ƙarshe aka sasanta, Monte Carlo ta riƙe matsayinta amma daga 2009 ba dole ba ne manyan 'yan wasa su halarta, ita kaɗai ce haka a cikin taran, Hamburg kuwa aka sauke ta. Ni na ji daɗin yadda ta ƙare, gasar da ta haura shekara ɗari bai kamata a ture ta saboda lissafin kasuwa ba.

Ba kowace jar ƙasa ce ja ba, wannan ma a sani. A Amurka akwai koriya da ake yi da niƙaƙƙen dutse, ta fi ta Turai ɗan sauri. Madrid ta gwada shuɗiya a 2012 wai don a fi ganin ƙwallo a talabijin, 'yan wasa suka yi ta kukan santsi, Nadal da Djokovic suka ce ba za su dawo ba in ba a canza ba, shekara ɗaya kawai ta yi aka koma ja. A nahiyarmu kuwa gasar ATP da ake yi a Marrakesh ta Maroko ita ma a jar ƙasa ce, kusan lokaci ɗaya da Monte Carlo.

Akwai al'ada ɗaya ta jar ƙasa da nake kewa. Da yake ƙwallo tana barin tabo a inda ta faɗi, in gardama ta tashi alƙalin wasa saukowa yake yi daga kujerarsa, ya zo da sassarfa ya duƙa ya nuna tabon da yatsa, ɗan wasa na gefe yana cewa ba wannan ba ne wancan ne, 'yan kallo na ta fito. Wani lokaci ma abokin karawar ne da kansa zai duba ya ga ta taɓa layi, ya sa ƙafa ya goge tabon, alamar ya ba da makin. Daga 2025 ATP ta mayar da hukuncin layi hannun na'ura a duk gasanninta har da na jar ƙasa, don haka Monte Carlo ta shekarar, wadda Carlos Alcaraz ya ci bayan ya doke Lorenzo Musetti, an yi ta ne ba alƙalan layi, tabon yana nan a ƙasa kowa na ganinsa amma alƙali ba ya saukowa.