Tantance bayanan awon kogin Isa a Yamai

Tantance bayanan awo bincike ne da injiniya kan yi wa alƙaluma kafin ya ɗora lissafin gada, madatsar ruwa ko katangar tare ambaliya a kansu. Abu biyu yake dubawa: in an sake awon, za a sami sakamako ɗaya? Kuma abin da aka auna, shi ne ainihin abin da ake nema? Awo kan tsallake na farko ya faɗi a na biyu, kuma a nan haɗarin ya fi yawa, don alƙaluman ba sa nuna alamar matsala.

A Yamai ana rubuta tsayin ruwan kogin Isa, wato kogin Neja, tun 1929, daga ma'auni mai zanen santimita da aka kafa a bakin ruwa. Sai dai mai tsara gada ba tsayi kaɗai yake buƙata ba, yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa yake nema. Ana samun wannan daga jadawalin da ke haɗa tsayi da yawan ruwa, wanda ake ginawa da awon da ake yi cikin kwale-kwale daga wannan gaɓa zuwa waccan. To, kogin ba ya zama yadda aka bar shi. Koramu na zuba masa yashi kowace damina, ƙasansa na cikewa, har tsayi ɗaya ya daina nufin yawan ruwan da yake nufi a da. Mai karanta ma'auni bai yi kuskure ko na santimita ɗaya ba, jadawalin ne ya tsufa. Maganinsa sake awo a kai a kai, musamman lokacin da ruwa ya kai maƙura, ko da yake lokacin ne shiga kogin ya fi wuya.

Sauran binciken na ofis ne. Ana gwama alƙaluman Yamai da na tashoshin awon da ruwan ke bi kafin ya iso Yamai, irin su Kandaji da Ansongo ta Mali, a nemo ranakun da ba a rubuta ba, da lambar da ta maimaita kanta sati guda cur. Hukumar raya kogin, ABN, da AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi, noma da ruwa, dukansu a Yamai, suna cikin masu tattara irin waɗannan bayanai.

Tsawon shekarun da aka ɗauko ma abin dubawa ne. A 1985 kogin ya daina gudu a Yamai, a Satumban 2020 kuma ya kai santimita 700, ruwa ya ci unguwanni. Katangar da aka lissafa da alƙaluman shekarun fari kaɗai gajeruwa za ta fito, komai kyan awon da aka yi a lokacin.