Ɗan sanda daban, jandarma daban

Tun muna yara a Maraɗi muke jin ana kiran duk mai kaki da usur ɗan sanda. Ba haka ba ne. 'Yan sanda na ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, aikinsu cikin gari ne: su ke tsayawa bakin babbar kasuwa suna tambayar ɗan kabu-kabu takardun babur, su ake kira a lamba 17. Jandarma kuwa soja ne, na ma'aikatar tsaro. Shi za ka tarar in ka miƙi hanyar Dakoro.

Abin na damuna ƙwarai. Na ga dattijon da mota ta buge wa amalanke a ƙauye ya shigo gari neman 'yan sanda, riga sharkaf da gumi, sai da la'asar ya gane maganarsa ta jandarma ce.